Haƙoran Inno Goma Sha Ɗaya

Kilomita Biyar, Bangui
10 ga Maris, 1996

Zuwa ga ƙanena Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Baba Sha'aibu da duk mutanen gida a Kano. Mu nan lafiya lau. Maigidana Haris yana gaishe ka, yara ma haka, kodayake su da Sango, yaren nan garin, suke gaisuwar, Hausarsu ba ta kai ta hau takarda ba.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce Hanifa. Ni ce jikar Inno, yayar kakanka Dabo, wadda aure ya kawo Bangui tun kafin a haifi babanka. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, da na zo biki Kano kana ɗan firamare, ka ƙi cin tuwon da na tuƙa wai warin rogo yake. Ban manta ba, kuma tunda wasa ya halatta tsakaninmu, kai ma ba zan bari ka manta ba.

Idi direba, mai kawo mana kaya daga Kano, shi ya gaya mana yanzu kana makarantar koyon aikin haƙori. To ga aiki ya same ka a gida. Tun bara likita ya ɗora Inno a kan ƙwayar hawan jini. Jinin ya sauka, mun gode Allah, amma bakinta ya bushe ƙayau. Harshe yakan manne mata a ganɗa, leɓe duk ya tsage. Gozo, wato tuwon rogonmu da ka raina, ba ya wuce mata sai ta bi kowace loma da ruwa. Matar da in ta fara magana da safe sai magariba ta raba ku, yanzu kalma uku take yi ta yi shiru. Gidan ya yi mini faɗi.

Abin da ya fi damunta haƙoranta ne. Goma sha ɗaya suka rage, ita ta sa na ƙirga mata. Sa'o'inta duk sun koma kunu, ita kuwa da waɗannan take taƙama a gidan suna da gidan biki. Ta ce duk ranar da aka mayar da ita kunu, a yanko mata likkafani. Dariya muka yi, amma ni na san Inno, in ta daina tauna za ta daina ci.

Ni dai na yi iya nawa. Na raba ta da asuwakin nan da kullum yake maƙale a bakinta, na sayo mata buroshi da wani koren ruwan kurkure baki daga farmasi, mai yaji sosai, ka san kuwa yana aiki. Amma bushewar tana nan. Ka rubuto mini abin da malamanku suka ce. Inno ta ce a gaya wa mijinta na Kano, in ya iya aiki ta yarda da auren, in bai iya ba ya aiko mata da takardarta.

Yayarka,
Hanifa

Kano
14 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Yaya Hanifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Baba ya sa na karanta a tsakar gida, har aka yi ta dariyar maganar tuwo. Kowa lafiya, kowa yana gaishe ku. Ki gaida Yaya Haris, ki ce wa amaryata Inno ba inda za ta, ni ba na saki. Maganar tuwo kuwa, har yau ina kan bakana.

Ni ɗalibi ne tukuna, shekarata ta biyu, saboda haka na kai takardarki wurin malaminmu don kada in yi miki karambani. Ya ce akwai magungunan hawan jini da suke busar da baki, ba sabon abu ba ne. Amma kada Inno ta daina sha da kanta. Ku koma wurin likitan da ya rubuta, ku gaya masa, wataƙila yana da wani da zai musanya mata.

Kafin na shiga makarantar nan, ni ma na ɗauka yawu ruwa ne kawai da ake tofarwa. Ashe ba haka ba ne. A cikinsa akwai wasu sinadarai masu aiki, a aji enzayim muke ce musu. Ɗaya shi yake fara narkar da abinci tun a baki. Ki gwada da gozonku, ki tauna loma ɗaya ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji ta fara ɗan zaƙi. To aikinsa ke nan. Wani kuma ƙwayoyin cuta yake bi, ya fasa musu fata su mutu. Ban da su, yawu yana wanke ragowar abinci, yana kashe tsamin da ke cin haƙori, har yana mayar wa haƙorin ɗan abin da ya zube daga jikinsa. Malaminmu yakan ce bakin da ba yawu kamar shago ne da ba mai gadi. Ke mai shago ce, kin san sauran.

Saboda haka haƙoran Inno goma sha ɗaya ba buroshi ne kaɗai zai tsare su ba, sai an dawo mata da yawu. Ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba sai ta ji ƙishirwa ba. Sannan ki samo mata abin da za ta riƙa juyawa a baki, tana tsotsa ko tana taunawa, duk yini in da hali, don bakin da yake motsi shi yawu yake zuwar wa.

Kilomita Biyar, Bangui
19 ga Yuni, 1996

Likita Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ka gaida Baba da kowa. Kada ku tayar da hankalinku kan abin da kuke ji a rediyo, duk muna nan da ranmu da lafiyarmu.

Gaskiya ne sojoji sun yi bore har sau biyu, na Afrilu kan albashi, na Mayu kuwa ya fi muni. An fasa shaguna a cikin gari, mun yi kwanaki ba mu buɗe namu ba. Mazan unguwa suka tsaya a bakin Titin Koudoukou suna gadi, Haris har da tsohuwar addarsa da ko rake ba ta yankawa. Allah ya tsare, ko ashana ba a ɗaukar mana ba. Yanzu kasuwa ta dawo, 'yan canji sun koma kan bencinsu, taksi suna ta hon kamar ba a yi komai ba. Haka Bangui take.

Takardarka sai farkon watan nan ta zo. Idi ya ce a wani shinge kafin shiga gari sojoji suka zazzage jakarsa, suka farke duk wata ambulan suna neman abin da su kaɗai suka sani. Ya tsince abin da ya iya a ƙasa. Falle ɗaya na samu, har da sawun takalmi a kai. Na ga ba ka yi sallama ba, na ce ko dai Kanawa sun daina, ko falle na biyu ya bi iska. In gaisuwa ce a ciki, na karɓa.

Ai kuwa maganinka ya ci. Da na karanta wa Inno maganar abin tsotsa, sai na tuna akwai katan guda na alewa mai sanyi a shago, bombom muke ce mata a nan, ta ƙi tafiya tun kafin rikici. Na kwaso mata. Yanzu daga ta idar da sallar asuba sai ta jefa ɗaya a kumatu, in ta narke ta jefa wata, har barcin rana da ita take yi. Badaru, baki ya buɗe. Jiya ta yi wa mai kawo mana gawayi faɗa tun daga ƙofar gida har ya sha kwana, da Hausa da Sango, ni kuwa ina ɗaki ina murna kamar an yi mini kyautar zane. Abinci ma ya fara shiga.

Wurin likita ne ba mu koma ba tukuna, tunda abin ya yi sauƙi na ga ba gaggawa. Na gwada maganar gozo. Gaskiyarka, yana zaƙi, amma Haris ya ce in na ci gaba da zama da loma a baki kamar akuya zai koma cin abinci a kasuwa.

Inno ta ce miji ya yi, aure ya zauna. Ta aiko maka da kwalbar zuma ta hannun Idi.

Yayarka,
Hanifa

Kano
27 ga Yuli, 1996

Yaya Hanifa,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ya tsare ku. Baba ya yi kwana da kwanaki da rediyo a kunne, sai da takardarki ta zo ya ajiye. Zuma ta iso, ki yi wa Inno godiya.

Yaya, falle na biyun nan ba gaisuwa ba ce. Da na kai wurin alewa a takardarki sai da na miƙe tsaye. Layin farko na fallen da ya ɓata cewa yake, kowane abu za ki ba ta ban da mai sukari. Ki karɓe alewar nan yau, kada ki jira gobe.

Ga dalili. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a jikin haƙori sukari ne abincinsu. In suka ci sai su fitar da tsami, tsamin shi yake rarake haƙori, abin da mutane suke cewa tsutsa. Mai yawu sosai in ya sha alewa ɗaya, kafin awa guda yawun ya wanke ya kashe tsamin. Inno kuwa ɗan yawun da alewar take jawowa bai kai ya yi wannan aikin ba, ya dai isa ta yi magana. Ga shi wata na narkewa wata na shiga, haƙoran ba sa samun hutu ko kaɗan. Na tsofaffi kuma dasashi ya ja baya, gindin haƙori a waje yake, shi kuwa ba shi da tauri. Daga nan ɓarnar take farawa, ba a kuma ganinta da wuri.

Koren ruwan nan ma ki ajiye shi. Yajin da kike ji ba alamar aiki ba ne, irinsa ƙara busar da baki yake. Asuwakin da kika ƙwace kuwa, shi ne ainihin abin da nake nufi. Yana sa baki motsi, yana goge haƙori, ba sukari a cikinsa. Ki mayar mata, ta haɗa da buroshin safe da yamma. Kuma don Allah ku koma wurin likita.

Kin ƙwace asuwaki, kin ba da alewa, kin ƙara da ruwa mai yaji. Da a asibitin da muke koyon aiki ne, da tuni an sallami mai jinyar nan. Ki rubuto mini da zarar kin duba gindin haƙoran, ki gaya mini launinsu.

Ƙanenki,
Badaru

Kilomita Biyar, Bangui
5 ga Disamba, 1996

Badaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Na san ka ga shiru. Rabin shirun laifin hanya ne, rabi nawa.

Takardarka sai cikin Oktoba ta zo, motar Idi ta lalace a kan iyaka, damina kuma ta cinye hanya. Da na karanta, ba abin da idona ya gani sai layin nan na sallamar mai jinya. Shekara tara Inno tana hannuna. Ni nake yi mata wanka ranar da ƙafa ta ƙi, ni nake yanke mata farce, ranar da ake harbi ni na kwanta a kanta a tsakar ɗaki. Ku kuwa na Kano ko Sallah ba ku taɓa aiko mata da goro ba sai da na nemo ku. Sannan yaron da bai gama makaranta ba zai ce a sallame ni? Na rubuta maka amsa falle uku, Haris ya karanta ya ce in ina son zumuncin ya rayu in sa ta a murhu. Na sa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ban karɓe alewar ba. Na duba Inno na ga tana ci tana faɗa, na ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Na dai rage mata. Ita kuwa ta riga ta saba, in na ɓoye sai ta aiki duk wanda ya shigo gaishe ta ya sayo mata.

Mako uku da suka wuce tana cin abinci ta ajiye hannu, ta dafe kunci. Na kai ta hasken rana na ɗaga leɓen. Badaru, gindin haƙora huɗu ya yi baƙi kamar an shafa musu kwalli, wasu biyu na ƙasa suna motsi, dasashin wurin ya kumbura. Sai a ranar na ɗauko takardarka na karanta ta daga farko, yadda ya kamata in yi tun Oktoba. Na kwashe alewar na raba wa maƙwabta, na zubar da koren ruwan, na sayo asuwaki dami guda. Garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Ga shi sojoji sun sake tashi tun tsakiyar Nuwamba, wannan karon gari ya rabu biyu. Asibitin da mai aikin haƙori yake yana can inda ba mai zuwa. A unguwa ba mu da kowa sai Ɗan'azumi wanzami, shi yake cire wa mutane haƙori da awartaki. Ya zo ya duba, ya ce tunda tsutsa ta shiga gidan sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, gara a cire duka sha ɗayan a zama biyu, tsohuwa ta huta. Haris ya goyi bayansa, don ba ya iya jin nishinta. Inno da kanta, wadda ta ce likkafani ya fi kunu, jiya ta ce mini a cire.

Na ce su ba ni kwanaki. Wani ɗan kasuwa zai bi ta Kamaru gobe, shi zan ba wannan. Ban sani ba ko amsarka za ta riske mu, amma ka rubuto. Ga azumi saura wata guda, ta kuma rantse sai ta yi.

Hanifa

Kano
29 ga Disamba, 1996

Zuwa ga Yaya Hanifa,

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina, ya ba Inno lafiya. Nan kowa lafiya, sai tunaninku.

Ki yafe mini. Wasa na nufa da maganar mai jinya, na manta takarda ba ta dariya. Baba ya karanta taki, ya yi mini tatas, ya ce maganar goron Sallah ma gaskiya kika faɗa, kunyar tasa ce ba tawa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, Yaya. Kuma ni na raba magana ɗaya a falle biyu, alhali na san hanyar da za ta bi. Wannan karon duka a falle ɗaya na matse.

Na sake komawa wurin malaminmu. Ya ce ba mai yanke hukunci a kan bakin da bai gani ba, amma ga abin da zai iya faɗa. Haƙorin da yake motsi, dasashinsa ya kumbura yana ruwa, in ba halin zuwa asibiti, cire shi ya fi barinsa, muddin an dafa awartakin a tafasasshen ruwa a gabanki. In kumburi ya hau fuska ko zazzaɓi ya zo, wannan ba aikin wanzami ba ne, ku nemi likita ko ta halin ƙaƙa. Amma haƙorin da yake tsaye daram, ko da gindinsa ya yi baƙi, kada a taɓa shi. In sukari ya tsaya, yawu ya dawo, ana gogewa, irin wannan ɓarnar tana iya tsayawa inda take, wurin ya yi tauri. Ba tsutsa ba ce da za ta yi ƙaura zuwa na kusa. Bayan cirewa ta riƙa kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, daga washegari.

Maganar azumi, mai shekarunta da lalurarta an ɗauke mata, amma na san ba za ta ji ba. To ki lura da abu ɗaya. Tsofaffinmu na nan in suna azumi yini suke suna tofar da yawu, wai haɗiye shi yana karya azumi. In Inno ma haka take, ɗan abin da ya rage mata ne take zubarwa. Ni ba malami ba ne, kada ki ce ni na faɗa. Ki kai tambayar wurin malamin da take jin maganarsa, ki haɗa da ta asuwaki da rana.

Ki ce wa amaryata ina nan, ban gudu ba.

Ƙanenki,
Badaru

Kilomita Biyar, Bangui
21 ga Afrilu, 1997

Zuwa ga ƙanena Badaru,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Babbar Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka gaida Baba, ka ce goronsa ya iso, Inno ta raba wa unguwa tana gaya wa kowa daga gidan ƙanenta ne. Gari ya lafa tun da aka yi sulhu, sojojin ƙasashen maƙwabta sun zo suna sintiri. Ba mu saki jiki duka ba, amma shago a buɗe yake, yara sun koma makaranta. Na yafe maka tuntuni, kai ma ka yafe mini.

Amsarka ba ta riske mu a kan lokaci ba. Sai ranar goma ga azumi ta zo, Ɗan'azumi kuwa tun ƙarshen Disamba ya shigo da jakarsa, don Inno ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba. Dafa awartaki dai na sa ya yi, wannan ko ba likita na sani. Ya cire biyun nan masu motsi, ba su ma yi gardama ba. Ya goge hannu, ya kama na uku. Na ga ya gyara tsayuwa ya dafe goshinta, haƙorin ko gezau. Sai na riƙe masa hannu.

Ya ce, "Hajiya, in na bar shi, wata mai zuwa za ku sake kirana."

Na ce, "In mun kira ka, ka zo. Yau dai biyu sun isa."

Haris ya yi ta harara, Ɗan'azumi ya tattara kayansa yana cewa mata sun fara koya wa wanzamai aiki. Ni kuwa ba wani ilmi na dogara da shi ba sai takardunka biyu, da na karanta har suka yage a ninki. Na ce tunda rashin yawu da alewa ne suka kawo ɓarnar, ba tsutsa ba, bari in ga abin da zai faru in aka gyara su. Amma kada ka ɗauka ban ji tsoro ba. Duk lokacin da ta taɓa kunci sai in ajiye abin da nake yi in duba bakin, har ranar da takardarka ta zo na ga abin da na yi shi ka ce a yi. A shago na karanta, na shiga bayan buhunan shinkafa na yi kukana.

Maganar tofi kamar kana gidan. Gwangwani ne da ita cike da yashi, duk azumi yana gefen tabarmarta tun ina yarinya. Na je wurin Malam Alhasan, limamin masallacinmu, ya zo da kansa bayan la'asar. Ya ce mata yawun mutum da bai fita daga bakinsa ba, haɗiye shi ba ya karya azumi, busasshen asuwaki ma ba laifi da rana. Inno ta sa ya maimaita. Ta daɗe tana kallon gwangwanin, sannan ta ce, "Shekara sittin ina zubar da abin da yau nake roƙo." Malam ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Washegari ta ce in kai gwangwanin bola.

Da hanya ta buɗe na kai ta wurin likitanta a unguwar Miskine. Ya yi mini faɗan rashin zuwa da wuri, ya canza mata ƙwayar. Bakin bai koma yadda yake da ba, buta tana kusa da ita kullum, asuwaki kuma ya koma mazauninsa. Mai aikin haƙori ya cike biyu daga masu baƙin, ya ce sauran a bar su. Tara suka rage. In an tambaye ta sai ta ce sha ɗaya ne, biyu sun tafi Kano karatu.

Ranar Sallah da aka soya naman layya, na daka mata nata a turmi ya yi laushi, na kai mata a kwano. Ta leƙa, ta ture shi gefe, ta ce wa aka haifa a gidan. Ta miƙa hannu cikin tiren Haris ta zaɓi tsoka, ta kai gefen dama inda huɗu suke jere. Duk muka bar cin namu. Ta daɗe tana tauna, ni ina kallon kuncinta ina jiran ta dafe. Ba ta dafe ba. Ta haɗiye, ba ta ko dubi butar ba, ta ce ragon bana tsoho ne, an cuci Haris a kasuwa.

Sannan ta ce in ƙaro mata.

Yayarka,
Hanifa